Neman Duhu Tsakanin Kaura da Zurmi

Sana'ata sa wutar sola ce. Na fi shekara goma ina hawa kwanon gidajen mutane a Kaura Namoda, in ɗaura faifai, in ja waya, in sauko gwiwoyina suna ƙara. Da farko masu hali ne kawai ke kirana, don firji da fanka. Da daji ya lalace, sai kowa ya koma neman fitila a ƙofar gida. Mai shago yana so, liman yana so, unguwa takan haɗa kai ta ce a kafa mata ƙarfe a kowace kwana da ƙwai a samansa. Aiki ya yi mini yawa har na daina jin daɗinsa. Nakan fita da safe in dawo bayan isha'i, wuyana a sage, in ci tuwo ina gyangyaɗi.

A cikin wannan hali ne mahaifina ya dawo wurina. Ƙauyenmu yana can bayan Birnin Tsaba, kuma shi ne kusan na ƙarshe da ya yarda ya fito. Sau uku ina aika mota tana dawowa ba shi. Sai da aka kora shanun huɗarsa da rana tsaka, maƙwabtansa na dama da na hagu suka tashi, sannan ya ja ƙofar ɗakinsa ya shigo gari. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Na ba shi ɗakin da ke kusa da zaure, maiɗakina tana kai masa abinci a kan kari. Bai taɓa cewa an rage shi da komai ba. Amma mutumin da ya tsufa yana kwana a tsakar gida in ba ruwa ake ba, sai ga shi a ɗakin siminti, tagarsa tana kallon fitilar layi da ni da kaina na kafa.

Wani dare, ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, na dawo na tarar da shi a kan dakali, ya kare ido da tafin hannu kamar wanda rana ta dama.

"Injiniya," ya ce. Haka yake kirana, don ni ne ɗansa na fari, ba ya faɗin sunana. "Wanga ƙwai naka ba shi kwana?"

"Ba shi kwana, Baba. Rana ta faɗi ya kama, gari ya waye ya mutu. Haka aka yi shi."

"To ni tun da na zaka garin ga ban ga sama ba."

Na ɗaga kai. Gaskiyarsa ce. Sama tana nan, amma kamar an shafe ta da farar ƙasa, manyan taurari uku ko huɗu kawai ke leƙowa. Ni ban taɓa lura ba. Shekara da shekaru in na ɗaga kai, kwano nake dubawa ko waya.

Ya ce kaza yake nema. Kaza da ɗiyanta wasu ƙananan taurari ne da ke cure wuri ɗaya, malamai suna ce musu Surayya. Baba da su ya yi noma duk rayuwarsa. In bazara ta yi nisa suka faɗa yamma suka ɓace, ya san a gyara gona. In ya gan su a gabas kafin asuba, ya san ruwa ya zauna. In suka fara fitowa da farin dare, gero ya shiga rumbu ke nan, dawa tana jiran lauje. Ina yaro ya sha nuna mini, ni kuma hankalina yana kan rediyon da nake kwancewa.

Akwai kuma maganar idonsa. Likita ya duba ya ce yana ce ta hau duka biyun, tana ƙaruwa, sai an yi aiki. Baba ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. Na yi magana har na gaji na bari.

"Ba wani abu nika so ba," ya ce a wannan dare. "In gan ta sau guda tun idon ga bai rufe ba. Ka samo min wurin da ad da duhu."

Na ce to. Na ɗauka abu ne na kwana ɗaya.

Washegari na kashe fitilun gidana duka, na tsakar gida da na zaure. Bai yi amfani ba, don hasken layi yana tsallako katanga. Sai na je wurin mai unguwa. Dattijo ne mai sauƙin kai, ni na sa masa wuta a gidansa. Na ce ina roƙon a bar ni in kashe fitilu uku na layinmu, minti goma sha biyar kawai, in mayar da hannuna. Ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba.

"Malam, ni ba ni hana ka," ya ce. "Amma ka san gidan da ke kallon naka. Matar nan da ɗiyanta daga daji sunka fito, a duhu anka shigo musu. In fitilar ga ta mutu ko ƙiftawa guda, kukansu za ka ji. Ga kuma waya hannun kowa. Kafin ka mayar da wutar, an gaya wa rabin Kaura cewa an shigo unguwarmu."

Na gode masa na tashi.

Bayan kwana biyu na tuna da bakin gulbi. Can bayan gari ne, inda masu lambu ke ban-ruwa da rani, ba gida ba fitila. Ba nisa, a babur bai fi tafiyar shan shayi ba. Ban gaya wa maiɗakina ba. Muka yi isha'i, muka ɗan jinkirta don kaza ta taso, na ɗora Baba a baya, ya riƙe kafaɗata da hannu biyu. Na ji nauyinsa ya ragu ƙwarai, kamar na goyo damin kara.

Mun wuce gidajen ƙarshe, na kashe fitilar babur, muka sauka a kan yashi. Iska mai sanyi tana tasowa daga ruwa. Baba ya cire hula ya ɗaga kai, ya ce in ba shi lokaci idonsa ya saba. Ko minti uku ba a yi ba sai hasken tocila ya faɗo mana daga wuri uku. Ɗaya aka tsayar daidai fuskar Baba.

"Kada wanda ya motsa. Su wa ne?"

'Yan sa-kai ne masu tsaron bakin gari. Na ga bakin bindigoginsu na gargajiya a gefen hasken. Na ɗaga hannu na faɗi unguwarmu da sana'ata.

"Mi ya kawo ku nan da daren ga?"

"Taurari muka zo kallo," na ce. Ni kaina da na ji maganar ta fita daga bakina, na san ba ta zauna ba.

Wani daga cikinsu ya ce irin wannan ne masu kai labari ke faɗi. Aka karɓi wayata aka shiga duba lambobi. Baba yana tsaye, hula a hannu, hasken yana cikin idonsa. Allah ya taimake mu babbansu ya iso, wani mai furfura a gemu. Ya haska ni ya ce, "Ai mai sola ne. Shi ya sa muna ƙwai a masallaci." Ya sa aka sauke tocilar daga fuskar Baba, ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya yi haƙuri, zamani ne. Sannan ya ja ni gefe.

"Kai ba yaro ba ne. Da wani mai saurin hannu ne a gaba, da yanzu wata magana ake. Ka mayar da tsohon ga gida."

Babura biyu suka rako mu har ƙofar gida, maƙwabta suna leƙe. Maiɗakina ta bari sai da Baba ya shiga ɗaki, sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, in ina son in mai da ita gwauruwa in gaya mata tun da wuri ta shirya. Na kwanta da kayana a jiki. Da safe Baba ya ce mini, "Haskensu har yanzu shina yawo cikin idona."

Na yi kusan mako biyu ban tayar da maganar ba, shi ma haka. Amma duk dare in na dawo yana kan dakali. Na fara jin haushin abin. Haushin kaina ne, amma har shi yana shafa. Nakan ce a raina, mutane suna neman inda za su kwana lafiya, ni an sa ni neman duhu. Duk inda na tuna a ƙasar nan, in akwai tsaro akwai fitila, in babu fitila ba mai zuwa. Na san wannan fiye da kowa, don yawancin fitilun ni na ɗaura.

Sai aiki ya samu a Shinkafi. Wani ɗan kasuwa ya gina bene, yana son wuta a ko'ina, aikin kwana biyu. Benen a gefen gari yake, samansa shimfiɗaɗɗen siminti ne, kuma makunnin fitilun yana hannuna. Na ce wa Baba ya shirya. Ya yi saurin ɗauko babbar rigarsa har na yi mamaki.

Muka shiga mota da hantsi, lokacin da direbobi ke taruwa su tafi tare. A hanya ba mai magana sosai. Kowa idonsa yana kan daji, direba yana gudu yana gaisa da motocin da ke tahowa da hannu, yana karanta fuskokinsu. Baba kuwa ya manna fuska a gilashi. Yana ta tambayata, wancan dawa ce ko ciyawa? In na ce ciyawa ce, sai ya ce, "Nan gonar kirki ce da." Wani wuri muka wuce da aka noma har bakin titi, dawa ta sunkuyar da kai, ya ce direba ya ɗan rage gudu. Direba ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, nan ba a rage gudu."

Na yi aikina har magariba. Mai gidan ya karɓi Baba da mutunci, aka kawo masa fura da nama. Bayan isha'i na riƙe hannunsa muka hau matakala, yana hutawa a kowane hawa biyar. Muna fitowa sama na tsaya cik. Wata ne fari tas, ya kusa cika, ya haske garin har ina ganin inuwata a kan siminti. Taurari sun gudu sun bar masa fili.

Baba ya zauna a kan wani bulo yana mayar da numfashi. Sai na ji yana dariya a hankali.

"Injiniya, yau nawa ga wata?"

Ban sani ba. Na ciro waya zan duba.

"Sha biyu," ya ce. "Wa ka neman kaza sha biyu ga wata?"

"Ka sani, Baba, ka bar ni na kawo ka?"

"Na sani tun gida. Hanya nika son gani. Wata nawa ban bar Kaura ba."

Na so in yi fushi, gajiya ba ta bar ni ba. Na zauna kusa da shi. Muka yi ta kallon Shinkafi, ƙarar janareta tana tasowa daga wajen kasuwa. Can mai gidan ya aiko a tambaya ko za a iya gwada fitilun, baƙinsa suna son gani. Na sauka na kunna. Gidan ya koma kamar rana, aka yi ta sa mini albarka.

Muna komawa Kaura na sa a raina na gama. Na yi iyakar ƙoƙarina. Amma Baba ya fara ƙidayar kwanaki da bakinsa, kullum da safe in na shiga gaishe shi. Sha takwas. Ashirin da biyu. Ranar ashirin da biyar ya ce, "Ba ka da aiki Zurmi?"

Ina da shi. Wani mai kemis ya daɗe yana kirana batirinsa ba ya riƙe wuta, ina ta ɗaga masa rana don ba na son hanyar. Kuma a Zurmi ƙanwar Baba take, Gwaggona, wadda ta yi aure can tun ban yi wayo ba. Mijinta ya rasu, tana zaune da matan 'ya'yanta a wani gidan ƙasa a layin ƙarshe na gabashin gari. Bayan katangarta gonaki ne.

Muka je ranar ashirin da takwas. Gwaggo da ta ga yayanta sai ta kama hannunsa ta ƙi saki, tana ta cewa ya rame, tana hararata kamar ni na ramar da shi. Na tafi wurin mai kemis, na canza masa abin da ya lalace, na dawo da la'asar sakaliya. Da na duba layin Gwaggo sai na ga abin da ban so ba. Fitilu biyu ne a kan dogayen ƙarafa, ɗaya daidai kusurwar katangarta. Ba ni na kafa su ba, amma irin nawa ne, masu kama kansu da magariba. Na ce a raina, to, an sake.

Muka ci tuwon dawa da miyar kuka. Muka yi isha'i a masallacin layi. Mun dawo ke nan, ina neman inda zan miƙe bayana, sai na ji wayoyi suna ƙara a gidaje, nan da can, kusan lokaci ɗaya. Matar ɗan Gwaggo ta fito daga ɗaki da tata a kunne, ta ce an ga babura da yawa a wajen fadama, sun nufo gabashin gari. Kafin ta rufe baki aka buga ƙofa. Maƙwabcin Gwaggo ne, wani magidanci, numfashinsa yana sama.

"An ce mai sola shina nan gidan."

"Ga ni."

"Masu tsaro sun ce a kashe wutar layin ga duka. Za su kwanta bakin gonaki, ba su son a hango su. Na gidaje an kashe. Waɗanga biyu ne ba mu san yadda ake ba."

Aka kawo tsani na itace, guntu, sai da aka ɗora shi a kan turmi biyu mutane suka riƙe. Na hau da filaya a baki. Ina can sama cikin haske, ni kaɗai, duk wanda ke cikin gonakin nan yana ganina, ni ba na ganin kowa. Na buɗe akwatin na zare waya. Muka ja tsani zuwa ta biyu, na yi mata haka. Da ta mutu sai na kasa ganin ko hannuna. Da laluben ƙafa na sauko.

Na shiga gida aka sa sakata. Gwaggo ta tara mata da ƙanana a ɗakinta, ina jin muryarta tana ta hasbunallahu. Na laluba ɗakin da aka sauke Baba, ba ya nan. Sai na ji jan tabarma a tsakar gida.

"Baba, ka shigo ciki."

"In sun zaka, ɗaki ba shi hana su. Zo ka zauna."

"Baba, don Allah."

"Zauna, Injiniya."

Na zauna, ba don na yarda ba. Ya kwanta rigingine, ya sa hularsa a ƙarƙashin kai. Garin ya yi tsit, ko kare ba ya haushi. Na kasa kunne wajen gabas ina jiran ƙarar inji.

Da na ɗaga kai daga baya, sai na ga sama ta sauko. Ban san yadda zan faɗe shi ba in ba haka ba. Taurari sun cika ta maƙil, manya da ƙanana, har bakin katanga, wani farin zane ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan. Rabona da ganin haka tun ina kwana a gona.

Baba bai tambaye ni gabas ba. Ya ɗaga hannu ya nuna da kansa.

"Ga ja ɗin nan mai bin ta, ina ganinta sarai. To kaza tana bisa gare ta kaɗan." Ya shiga juya kai a hankali, yana duba da gefen ido. "Ga ta nan. Ga ta." Ya murza ido ya sake dubawa. "Ɗiyan ne ba ni rarrabewa. Awa an zubar da gari a baƙin zane. Ƙidaya min."

Na bi hannunsa na same su. Na fara ƙidaya, sai aka yi harbi can nesa, sau biyu, aka ɗan tsaya, aka ƙara ɗaya. A ɗaki wata yarinya ta fara kuka aka toshe mata baki. Na yunƙura zan tashi, ya riƙe rigata.

"Nesa ne. Nawa?"

"Shida."

"Shida nika gani da. Babana bakwai shika gani. Akwai wani Bafulatani da munka yi maƙwabtaka shekara talatin, shi tara yac ce shina gani, muna ce mai maƙaryaci." Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Shi ma an kore shi. Ban san inda ya nufa ba."

Ya ci gaba da magana a hankali, yana nuna mini wannan da waccan, wadda ke fitowa in sanyi ya kusa, waɗanda ke jere su uku da za su taso in dare ya ƙara. Gaskiya ita ce rabin abin da ya faɗa bai shiga kaina ba. Kunnena yana kan hanya. Ina ta lissafin ta ina zan fitar da shi in an shigo, ko zan iya goya shi in tsallake katangar baya. Yau in aka ce in maimaita sunayen da ya faɗa a daren nan, uku kawai zan iya kawowa. Wannan yana damuna fiye da yadda na zata.

Abin da na riƙe shi ne, can da ya gaji da nuni ya sauke hannu, ya ce, "Dawa ta isa yanka." Sai kuma ya ce, "Bana ba wanda ya shuka a wurinmu." Daga nan bai ƙara magana ba. Na ɗauka tunani yake, ashe barci ya ɗauke shi. Na lulluɓa masa mayafi na zauna a gefensa har aka kira assalatu, a hankali, ba lasifika.

Da gari ya waye labari ya zo cewa baburan ba su shigo ba. Sun ratsa ta arewa sun faɗa wani ƙauye, sun kora dabbobi. Wasu suka ce an tafi da mutum biyu, wasu suka ce ba a tafi da kowa ba. Na hau tsani na mayar da wayoyin da na zare. Na sha kunu a tsaye, na ce wa Baba ya shirya mu bi motar farko.

Yana zaune a bakin ɗakin Gwaggo yana jan tasbaha. Ya ce, "Kai dai ka tafi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya maimaita. Ya ce nan zai zauna. Na ce, Baba, bayan abin da aka yi jiya? Layin ƙarshe, bayan katanga daji? Ya ce a masallaci jiya ya ga mutum huɗu 'yan ƙasarmu, ɗaya ma tare aka yi musu kaciya. Ya ce a Kaura ba wanda ya san sunan gonarsa. Ya ce matata ba ta rage shi da komai ba, in gaya mata haka, kada ta sa wani abu a ranta.

Na juya wurin Gwaggo don ta taya ni. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ɗana, bar min yayana," ta ce. "Abin da zai same mu nan, shi same mu tare. Kai kana fita tun safe, shi da wa zai yi hira? Da bango?"

Na yi magana mai tsawo, har muryata ta fara tashi, na ga matan gidan suna kallona, na yi shiru. Na durƙusa na yi masa sallama. Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi albarka, ya ce in riƙa kwanciya da wuri. Na shiga mota ni kaɗai. Tun kafin mu fita Zurmi barci ya kwashe ni, ban farka ba sai a tashar Kaura, yaron mota yana taɓa kafaɗata.

Maiɗakina ta yi kwana biyu ba ta sake da ni ba, tana ganin wani abu aka yi wa tsohon ya ƙi dawowa. Sai da ya kira ta da kansa a wayar matar ɗan Gwaggo suka daɗe suna magana.

Yana can har yanzu. Abin da na kasa a shekara guda, Gwaggo ta yi shi a wata uku: ta sa shi gaba da faɗa har ya yarda aka yi masa aikin ido ɗaya. Na dama ne, kuma ya yi kyau. Na hagu ya ce a bar masa shi haka. Da damina ta zo wani maƙwabci ya ba shi aron 'yar kunya biyar a jikin katanga, ya shuka kuɓewa da gero kaɗan, yana fita da sanda yana dubawa safe da yamma. Sau biyu ana irin wancan daren tun bayan tafiyata. Kowane karo sai da safe nake ji, in kira, a ce lafiya lau, in zauna a bakin gado in rasa abin da zan yi da hannuwana.

Nakan je in hanya ta yi sauƙi, wani lokaci wata guda, wani lokaci ya fi. Zuwan da na yi na ƙarshe na tarar yana barcin azahar a inuwar zaure, bakinsa a ɗan buɗe, ƙafafunsa duk ƙasar gona. Gwaggo ta ce in tashe shi, na ce a'a. Na zauna kusa da shi kamar rabin awa. Sannan na bar mata goro da maganin ɗigawa a ido, na gaya mata sau nawa ake sawa, na kama hanyar tasha, don direbobin Kaura ba sa wuce la'asar.